Shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 50: akwai hannun ƙwayoyin gadon kumburi?

'Yar Kurna:

Assalamu alaikum malamaina. Ina shirya binciken kammala digiri na biyu a nan Kano, a kan shanyewar ɓarin jiki tsakanin masu shekara 18 zuwa 49. Abin da ya ja hankalina shi ne rubuce-rubucen da ke cewa bambancin da ke cikin ƙwayoyin gado masu sarrafa kumburi, irin su IL-6 da TNF da CRP, yana sa wani matashi ya fi wani kusa da cutar. Tsarin da na zana shi ne a ɗauki majinyata 60 da masu lafiya 60, a duba gurbin -174 na IL-6 da gurbin -308 na TNF ta hanyar PCR, wato gwajin ninka gutsuren DNA don a iya karanta shi.

Ina son sanin ko wannan alaƙa tabbatacciya ce, ko kuwa har yanzu zato ne. Idan tabbatacciya ce, akwai amfanin a yi wa ƙanne da 'ya'yan majinyaci gwajin? Dangi suna yawan tambaya ko gado ne, musamman idan wanda ya kwanta bai kai arba'in ba. Sannan ku duba mini tsarin nan, ko zai iya amsa tambayar. Allah ya ƙara ilimi.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki taɓa ƙwayar gado, ki fara rarrabe majinyatan. Akwai wanda jijiyarsa ta toshe, akwai wanda tasa ta fashe jini ya kwarara cikin ƙwaƙwalwa, kuma sai da hoton CT ake bambance su. Toshewar ma tsarin TOAST na 1993 ya kasa ta biyar: ta babbar jijiya da kitse ya cushe, ta gudan jini da ya taso daga zuciya, ta ƙananan jijiyoyin can cikin ƙwaƙwalwa, ta wani sanannen dalili daban kamar sikila ko yagewar bangon jijiyar wuya, sai wadda aka bincika ba a gano musabbabinta ba. Kumburi ya fi ƙarfi a ta farko. Idan kika zuba su duka a kwando ɗaya, alamar da kike nema za ta ɓace ko da tana nan.

Ga yadda kumburin yake aiki. Cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa siririya. Idan hawan jini ko hayaƙin taba ko suga ko kitsen LDL ya ji mata rauni, sai ta fito da sinadarai masu danƙo irin VCAM-1, fararen ƙwayoyin jini su manne, sinadarin MCP-1 ya ja su cikin bangon, su haɗiyi kitse su yi ta taruwa. Sinadarin kumburi na IL-1 yana tayar da IL-6, shi kuma IL-6 ya je hanta ya sa ta ƙera CRP da fibrinojin. A kwana a tashi murfin tarin kitsen ya sirance ya tsage, jini ya daskare a wurin. Bambancin gadon da kike magana a kai yawanci harafi ɗaya ne a DNA, kuma guraben nan biyu da kika zaɓa suna gaban ƙwayar ne, a sashen da ke ƙayyade yawan sinadarin da za a ƙera. Lambar -174 da -308 nisan harufa ce kafin inda ake fara karanta ƙwayar.

To, me aka tabbatar? CRP dai an wanke shi. Binciken da aka buga daga Denmark a 2008, a kan mutum kusan 50,000, ya nuna cewa waɗanda suka gaji nau'in da ke sa CRP ɗinsu ya fi na kowa tun haihuwa ba su fi kowa toshewar jijiya ba. Ke nan CRP alama ce ta cewa ana kumburi, ba shi ne mai ɓarnar ba. IL-6 kuwa maganarsa ta fi ƙarfi: akwai nau'in ƙwayar IL6R da ke rage ƙarfin saƙon IL-6, kuma masu ɗauke da shi an same su da ƙarancin ciwon jijiyoyin zuciya a binciken 2012, daga baya aka ga irin haka ga toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa. A 2019 an nuna cewa masu gadon yawan MCP-1 sun ɗan fi haɗari, musamman ta babbar jijiya da ta zuciya. Wannan hujja ce cewa kumburi yana cikin musabbabai, ba rakiya kawai yake yi ba.

Amma ki kula da girman tasirin. Kusan duk irin waɗannan nau'o'i suna ƙara haɗari ne da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari. A ce cikin matasa 100,000 mutum 20 ne suke kamuwa a shekara. Mai ɗauke da nau'in da ke ƙara kashi 20 yana cikin rukunin da mutum 24 za su kamu. Ba za ki iya gaya wa ƙanin majinyaci komai da wannan ba, kuma babu maganin da za ki canja masa saboda shi. Shi ya sa amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, kada a yi wa dangi wannan gwaji.

Ki kuma san tarihin fagen, don ya kare ki. A 2003 da 2004 wani kamfani a Iceland ya sanar da PDE4D da ALOX5AP a matsayin ƙwayoyin shanyewar jiki, aka yi ta murna, amma da aka maimaita a wasu ƙasashe sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Haka ɗaruruwan ƙananan bincike a kan IL-6 da TNF suka yi ta cin karo da juna. Da aka koma duba DNA gaba ɗaya a kan jama'a masu yawa, binciken MEGASTROKE ya samo gurabe 32 a 2018, GIGASTROKE ya kai su 89 a 2022, kuma waɗanda suka fi tsayuwa su ne irin HDAC9 ga babbar jijiya da PITX2 ga gudan jinin zuciya. Mafi yawan mutanen da aka duba Turawa ne.

Namu na gida shi ne SIREN, wanda aka yi a cibiyoyi 15 a Najeriya da Ghana, har da Asibitin Malam Aminu Kano. A rahotonsu na 2018, cikin majinyata 2,118 kusan ɗaya cikin huɗu bai kai shekara 50 ba, kuma a cikin waɗannan matasa fiye da rabi fashewar jijiya ce, ba toshewa ba. Hawan jini shi kaɗai ya ɗauki kusan kashi 90 cikin ɗari na alhakin cutar a binciken gaba ɗaya. Ta fuskar gado kuma, sun buga a 2017 cewa gurbin rs1800796 na IL-6 yana da alaƙa da toshewar jijiya a maza, sun kuma ga alamar APOL1 a toshewar ƙananan jijiyoyi. APOL1 ɗin nan ya cancanci ki karanta shi: nau'o'insa G1 da G2 suna kare mutum daga wani nau'in ciwon barci, sun yawaita a Afirka ta Yamma, suna lalata ƙoda, kuma kumburi yana ƙara kunna ƙwayar. Sai dai majinyatan da aka duba a waɗannan rahotanni 'yan ɗaruruwa ne, suna jiran a maimaita.

Maman Hanif:

Dakta ya yi bayani, Allah ya saka. Ni ta ɓangaren jini zan shigo, domin a Kano ƙwayar gadon da ta fi kowace kwantar da yara da matasa da wannan cuta an san ta tuntuni, ita ce ta sikila. Kuma sikila cutar kumburi ce, ba lanƙwashewar ƙwayar jini kaɗai ba. Jajayen ƙwayoyi suna fashewa a cikin jijiya, himogulobin da ya zube ya cinye sinadarin da ke sa jijiya ta saki jiki, shimfiɗar ciki ta yi ta fitar da VCAM-1, fararen ƙwayoyi da lanƙwasassun jajaye su manne. Da shekaru sai ƙarshen babbar jijiyar wuya da farkon jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa su ƙuntata. Binciken Amurka na 1998 ya nuna cewa idan ba a yi rigakafi ba, kashi 11 cikin ɗari na masu SS suna samun shanyewar jiki kafin shekara 20, kashi 24 kafin 45. A yara toshewa ta fi yawa, amma tsakanin shekara 20 zuwa 29 fashewa ce ke kan gaba, wato daidai shekarun da kike dubawa. A kwatanta wannan da kashi 20 ɗin da Dakta ya lissafa a ga tazara. Masu AS kuwa, babban nazarin da aka haɗa a 2018 bai same su da ƙarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ba, don haka kada a tsorata su.

Inda tambayarki take da daɗi, 'yar uwa, shi ne nan: me ya sa yara biyu masu SS, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya shanye ɗaya bai shanye ba? An san cewa gadon alfa-talasimiya tare da sikila yana rage haɗarin. An kuma ba da rahoton alaƙa da gurbin -308 na TNF da wani nau'i na VCAM1 a yara masu sikila a Amurka. A cikin masu SS cutar tana da yawa, saboda haka adadin da ake bukata kafin a ga bambanci ya fi sauƙin samu, kuma akwai ma'auni da ba sai an jira yaro ya shanye ba, wato gwajin TCD.

TCD na'ura ce mai amfani da sauti, ana ɗora ta a gefen kai gaban kunne a auna gudun jini a jijiyar ƙwaƙwalwa. Ana yi wa mai SS daga shekara 2 zuwa 16, sau ɗaya a shekara. Ƙasa da santimita 170 a daƙiƙa lafiya lau. 170 zuwa 199 a maimaita nan kusa. 200 zuwa sama haɗari ne, a sake aunawa a tabbatar sannan a fara rigakafi. Kada a auna yaro yana zazzaɓi ko yana barci ko bai daɗe da ƙarin jini ba, lambar za ta yaudare ki. Gwajin STOP na 1998 ya nuna ƙarin jini duk wata yana rage haɗarin da kusan kashi 90, amma kowa ya san wahalar jini a nan, ga taruwar ƙarfe a jiki. Shi ya sa aka yi gwajin SPRING a asibitocin Kano da Kaduna, a kan yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 da TCD ɗinsu ya hau, aka kwatanta haidiroksiyuriya miligiram 10 da miligiram 20 ga kowane kilo a rana. Sakamakon da aka buga a 2022 bai nuna bambancin shanyewar jiki tsakanin awon biyu ba, sai dai masu miligiram 20 sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Maganin nan yana ɗaga himogulobin F, irin na jarirai, yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini, wato yana kwantar da kumburin.

Idan mai SS ya zo da shanyewa, musanyen jini ake yi da gaggawa a sauko da HbS, himogulobin sikila, ƙasa da kashi 30. In ƙarin jini kawai za a iya, kada a bari himogulobin ya wuce giram 10, domin jini zai yi kauri ya ƙara toshewar.

Abu ɗaya kuma game da rukunin jini. Binciken 2022 a kan mutum kusan 17,000 da suka shanye kafin shekara 60 ya gano ƙwayar ABO ce ta fi fitowa fili: rukunin A ya fi sauran haɗari da kusan kashi 16, rukunin O ya gaza da kusan kashi 12, saboda masu O suna da ƙarancin sinadarin von Willebrand mai taimakon daskarewa. Ki rubuta rukunin jinin duk wanda kika ɗauka, gwaji ne mai araha. Amma kada mai rukunin A ya hana kansa barci a kan wannan.

'Yar Kurna:

Na gode ƙwarai, Dakta da Hajiya. Ke nan 60 da 60 ba za su isa ba? Kuɗin kayan gwajin da ke hannuna ba zai wuce samfur 150 ba. Kuma ban gane abin da zai hana in riƙe -174 ba, tunda shi aka fi rubutu a kansa.

Ɗan Mandawari:

Malama, -174 ki ajiye shi tun yanzu. Nau'in C na wannan gurbi yana kusan kashi 40 a Turawa, amma a Afirka ta Yamma da ƙyar ake ganin sa. Za ki iya gama samfur 120 ki tarar kusan kowa GG ne, wato mai kwafi biyu na nau'in G, kin ƙona kuɗinki babu abin kwatantawa. An fi rubutu a kansa ne don a Turai aka yi rubutun. Kafin ki sayi firaimar PCR ko ɗaya, ki buɗe bayanan 1000 Genomes ki duba yawan nau'in a rukunin Yarbawan Ibadan da Esan da 'yan Gambiya. Ba Hausawa ba ne, amma sun fi kusa. Duk gurbin da ƙaramin nau'insa bai kai kashi 10 ba, ba na ƙaramin bincike ba ne.

Lissafin adadi kuma ga shi. A ce ƙaramin nau'in yana kashi 12 a masu lafiya. Don ki kama ƙarin haɗari na ninki 1.5 da ƙarfin kashi 80, kina bukatar majinyata kusan 400 da masu lafiya 400. Idan ainihin tasirin 1.2 ne, wanda shi ya fi kama da gaskiya, sai kusan 2,000 kowane ɓangare. Da 60 da 60, in kin sami "alaƙa" to galibi dace ne, in ba ki samu ba kuma ba ki kore komai ba. Idan kuma kika duba gurabe goma, ma'aunin 0.05 da ake raba alaƙa da dace da shi ya koma 0.005.

Da samfur 150 abubuwa biyu za su yiwu da mutunci. Ko dai ki bayyana yawan nau'o'in a mutanen Kano, wanda shi kansa gudummawa ce, ko ki bi shawarar Hajiya ki kwatanta masu SS da TCD ɗinsu ya hau da waɗanda nasu yake daidai, ki kira shi binciken share fage, ki ajiye DNA da izinin da zai ba da damar haɗa shi da na wasu cibiyoyi nan gaba.

Masu lafiyar da za ki kwatanta da su nan ne aka fi yin kuskure. Idan majinyatanki Hausawa da Fulanin cikin gari da ƙauyuka ne, masu lafiyar kuma ɗalibai ne da ma'aikatan asibiti daga ko'ina a ƙasar nan, bambancin da za ki gani na asali ne, ba na cuta ba. Ki daidaita shekaru da jinsi da unguwa, ki tambayi ƙabilar kakanni huɗu. Kada ki ɗauki ɗan uwan majinyaci da ke jinyarsa. Ki tambayi auren zumunci ki rubuta, domin yana ƙara yawan masu kwafi biyu iri ɗaya, sai lissafin Hardy-Weinberg, wanda ake duba daidaiton rabon nau'o'i da shi, ya karkace a ɗauka kuskuren gwaji ne. Kuma ki tuna TNF yana zaune cikin yankin HLA na ƙwayoyin garkuwar jiki a kuromosom na 6, inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana tace mutane. Tun 1994 aka nuna a Gambiya cewa masu kwafi biyu na nau'in A a -308 sun fi faɗawa mummunan zazzaɓin da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Alaƙar da kika gani tana iya zama ta maƙwabciyar ƙwaya.

A ɗakin gwaji: jini mililita 3 zuwa 5 a kwalba mai murfi shuɗi-ja ta EDTA. Ban da ta hefarin mai koren murfi, tana hana PCR tashi. A firij digiri 4 zai yi 'yan kwanaki. In zai daɗe a raba shi ƙananan kwalabe a sa a firiza mai -20, don kada a yi ta narkarwa ana daskarwa, abin da ke kakkarya DNA. Da yanayin wutarmu da zafin Afrilu, katin FTA na adana jini a bushe ya fi kwanciyar hankali: a ɗiga jini, a bar shi ya bushe sarai a inuwa, a rufe da abin tsotse danshi. Bayan an fitar da DNA a auna tsabta, 260/280 ya zama kusan 1.8, in ya yi ƙasa sosai akwai furotin ko ragowar him na himogulobin, shi ma yana kashe PCR.

Ga -308, tsohuwar hanyar ita ce a haɓaka gutsure mai harufa 107 a yanka da enzayim ɗin NcoI. Nau'in G yana yankuwa zuwa 87 da 20, nau'in A ba ya yankuwa. A yi amfani da agaros kashi 3, kuma kada ki damu in ba ki ga na 20 ba, yakan fice. Babbar matsalar ita ce yankan da bai kammala ba: enzayim ya yi rauni a hanya saboda zafi, sai GG ya fito da layi biyu a karanta shi GA. Maganinsa a sa samfurin GG sananne a kowane zagaye, da rami ɗaya na ruwa zalla don gano gurɓata, a maimaita kashi 10 na samfuran, kuma mai karanta sakamakon kada ya san wane ne majinyaci. In akwai injin PCR mai karantawa kai tsaye, TaqMan ya fi wannan aminci nesa ba kusa ba.

In za ki auna CRP ko IL-6 a jini, ki sani shanyewar kanta tana ɗaga su cikin kwanakin farko, haka ciwon huhu da ciwon fitsari da gyambon kwanciya. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro ga kowa a ranar ɗibar jini. CRP da ya wuce miligiram 10 a lita a jinkirta a sake bayan mako biyu. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku, gwajin jinotaip na himogulobin zai ruɗe, a tabbatar da DNA. Kuma galibin mutanenmu ba su da sinadarin Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, abin da ke sa adadin nutrofil ɗinsu ya zauna ƙasa da na littattafan Turai ba tare da wata cuta ba. Izinin kwamitin ɗa'a na asibiti kafin allura ta farko, kuma wanda maganarsa ta ɗauke a nemi izinin waliyyinsa a rubuce, da Hausa.

Baba Likita:

'Yata, duk abin da suka faɗa haka yake. Abin da zan ƙara don dangin da ke tambaya ne, kada a bar jaki ana dukan taiki. Idan suka ce gado ne, a ce musu eh, akwai abin da ake gada, kuma ana iya auna shi yau: hawan jini, suga, kitse, sikila. A zaunar da ƙanne da yayye a auna su, bayan hutun minti biyar, hannu a kan tebur, sau biyu, a sake wata rana. 140 bisa 90 da ya tabbata magani ake farawa, ko mutum yana da shekara 28 kuma ba ya jin komai. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi, kuma a lissafa da dunƙulen ɗanɗano da kanwa.

Kumburin da ke shanye matasanmu mafi yawa ba a DNA yake farawa ba. Ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa fenisilin ba yana komawa ya ci ƙofar zuciya ta hagu, ta ƙuntata, bugun zuciya ya rikice, jini ya daskare ya tafi ƙwaƙwalwa. Wannan allurar benzatin yake bukata, raka'a miliyan 1.2 duk mako uku zuwa huɗu, da wafarin idan bugun ya rikice, ana riƙe INR, ma'aunin tsinkewar jini, tsakanin 2 da 3. Mai jego da ke haki da kumburin ƙafa a yi mata hoton zuciya, domin raunin zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, kuma gudan jini yakan kwanta a irin wannan zuciya. Kunun kanwa yana ƙara mata nauyi. Mai jegon da ta zo da matsanancin ciwon kai da jijjiga a tuna da toshewar jijiyar da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa. Duk matashin da ya shanye a yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da na tunjere, a tuna da sanƙarau na tarin fuka. Macen da ciki ya sha zube mata a duba sinadaran antifosfolifid, kuma ba a yanke hukunci sai an maimaita bayan mako 12. A tambayi taba da shisha da ƙwayoyi a keɓe, ba a gaban iyaye ba. Mai ciwon ɓarin kai da ke ganin walƙiya kafin ya taso, kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin.

A gaya wa dangi kuma: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to asibiti mai CT kai tsaye, a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini ba ta wuce awa huɗu da rabi. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, haɗiya takan lalace ya shaƙe ya koma ciwon huhu; a yi masa addu'a da tofi a hanya. Kada a ba da asfirin kafin hoto, tunda rabin matasan nan fashewa ce.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Saura abu biyu, ƙanwata, don za a tambaye ki ranar kare bincike. Na farko, ko maganin kumburi yana hana cutar. Gwajin CANTOS na 2017 ya toshe IL-1 da allurar kanakinumab a masu ciwon zuciya, matsalolin jijiya suka ragu da kusan kashi 15, amma mutuwa ta hanyar kamuwa da ƙwayoyin cuta ta ƙaru. Kolcisin rabin miligiram ya taimaki masu ciwon jijiyoyin zuciya, sai dai manyan gwaje-gwaje biyu na 2024 a kan masu shanyewar jiki, CONVINCE da kuma CHANCE-3 wanda aka yi a ƙasar Sin, ba su tabbatar da amfaninsa ba. Kada kowa ya saya a kemis don rigakafi. Yana sa gudawa, kuma yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda ko mai shan kilaritiromaisin.

Na biyu, akwai wurin da gwajin gado yake canja magani. Cutar DADA2, wadda aka bayyana a 2014, tana zuwa ne idan yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar ADA2 daga uwa da uba duka, saboda haka a riƙa tuna ta a gidan da ake auren zumunci. Alamunta zazzaɓi mai dawowa, zane kamar raga a fata, CRP da ba ya sauka, da ƙananan shanyewa a kai a kai tun yarinta. Maganinta allurar toshe TNF ce, bayan an tabbatar babu tarin fuka, kuma ana guje wa asfirin da magungunan tsinka jini saboda jijiyoyin suna fashewa. Yaro ko matashi mai AA da ya shanye sau biyu, zuciyarsa lafiya, hawan jininsa daidai, kuma akwai ɗan uwansa mai irin wannan, shi za a aika jininsa a auna ƙarfin enzayim ɗin ADA2 a kuma karanta ƙwayar.